Motar gayu ko motar damina?

Jama'a, duk shekara sai mun yi wannan musun. Jiya bayan ruwan la'asar, nan Hotoro, wani matashi ya danna Benz ɗinsa cikin ruwan da ya kwanta a layi, wai shi ba ya juyawa. Ko rabi bai kai ba ta mutu. Wata tsohuwar Golf ta raɓa gefe ta wuce abinta.

Ni dai a ganina, daga Yuli zuwa Satumba, in kana da tsohuwa, ka ajiye ta gayun a gida. Injin Benz in ya sha ruwa, gyaransa sai an sayar da wani abu. Kayan Golf kuwa ga su nan birjik a Ƙofar Ruwa.

Na san za a ce tunda aka cire tallafin mai a 2023, wa ke iya riƙe mota biyu? Gaskiya ne. In ɗaya gare ka, jira ruwan ya janye. In kuma ta mutu a ciki, don Allah kar ka sake yi mata ki, a jawo ta.

Sannan mu daina zuba shara a kwata. Daga Tarauni har Gyaɗi-Gyaɗi, ledar da muka yar ce take dawo mana da ruwan kan titi.

Ku ya kuka gani?