Ƙwararrun Tambuwal da Kebbe, Ku Buɗe Littafi a Ƙidaya Aikinku

Kirana na yau ga likitan dabbobi ne mai bin rugage da jakar allura, da mai awon fili da ake kira idan za a raba gonar gado, da lauya, da akanta, da mai zanen gini, da mai ɗaukar hoto, da injiniyan da ke gwada ƙasa kafin a haƙa rijiyar burtsatse. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana tara ku a rukuni guda idan tana auna arzikin Najeriya, rukunin ayyukan ƙwararru da fasaha. To, daga Dogon Daji zuwa Kuchi, daga Sanyinna zuwa Girkau, nawa guminku ya samar bara? Alƙaluman da ake wallafawa na ƙasa ne baki ɗaya, wani lokaci na jihohi. Ba sa saukowa ƙaramar hukuma. Shi ya sa idan aka ambaci yankinmu a ofisoshin tsare-tsare, gero da dawa da shanu kaɗai ke zuwa ran mutane.

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne. A 2014 Najeriya ta sake lissafin arzikinta, ta mai da ma'auninta daga shekarar 1990 zuwa 2010. Nan take adadin ya kusan ninkawa, ya kai kimanin dala biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu. Ba wata dukiya aka haƙo a daren ba. Harkar waya da finafinai da sauran ayyukan hidima sun daɗe suna ciyar da mutane, lissafin ne bai gan su yadda ya kamata ba. A 2025 an sake yin haka da ma'aunin 2019. Abin da ya faru da ƙasa shi ke faruwa da mu a nan gida, kuma mu har yanzu ba mu gyara ba.

Lissafin kansa ba shi da wuya, wallahi. A ce likitan dabbobi ya yi wa garke allura ya karɓi naira 20,000. Magani ya ci 12,000, man babur 2,000. Ragowar 6,000 ita ce darajar da iliminsa da hannunsa suka ƙara. Ita ake tarawa, ta mutum ɗaya bisa ta wani, har a ce ga abin da wannan sana'a ta samar a shekara. Amma idan bai rubuta ba, ranar da mai ƙididdiga ya zo sai ya yi kirdado, ko ya ce "Alhamdulillahi, ana samun na cefane." Godiya ga Allah wajibi ce, sai dai ba a gina tsari a kan wannan amsar. Banki ma ba ya ba da rance a kanta.

Na san abin da ke hana mu magana: tsoron haraji. Kakanninmu sun ga jangali, sun ga yadda mai ƙirga shanu yake zuwa mai karɓar kuɗi na biye da shi, kuma tsoron ya bi jini. Ba na raina wannan. Amma Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta wajabta sirranta bayanan da mutum ya bai wa jami'in ƙididdiga, jimilla kawai ake fitarwa. Ɓuyan da muke yi kuwa mu yake cuta. Ƙidayar 2006 ta samu mutum fiye da 220,000 a Tambuwal, fiye da 120,000 a Kebbe, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba. Likitocin dabbobi nawa ke kula da dabbobin wannan jama'a? Masu awon fili nawa? Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana yaye likitocin dabbobi a Sakkwato, ga 'ya'yanmu a cikinsu. Me zai dawo da su Kebbe su buɗe wurin aiki, alhali babu takardar da ke nuna musu akwai kasuwa?

Don haka ku tashi! Kowane mai sana'a ya sayi littafi, ya raba shafi biyu, abin da ya shigo da abin da ya fita, kullum kafin ya kwanta. Wanda ya samu hali ya yi wa sana'arsa rajista. Ƙungiyoyin sana'a su rubuta sunayen membobinsu da garuruwansu, har da matan da ke aiki daga cikin gida, waɗanda kowane lissafi ke tsallakewa. Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, idan jami'an ƙididdiga suka iso ku sa a yi shela a karɓe su. Malamai, ku yi wa jama'a bayani bayan sallar Juma'a.

Shugabannin ƙananan hukumomin biyu, da ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Abuja, ku zauna da masu ƙididdiga na jiha ku buɗe rajistar ƙwararru mazaɓa-mazaɓa, a riƙa sabunta ta duk shekara, a manna sakamakon a sakatariya inda kowa zai karanta. Matasan da suka gama makaranta suna zaune, ga waya a hannunsu. A horar da su, a biya su, su fara zagayen kafin damina ta tare hanyoyin ƙauye.