Ina Labaran Soyayyar Kiristocin Hausa?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in tsoma baki kan wata magana ta adabi da na ga masu sharhi suna tsallake ta. Duk sanda aka zo zancen littattafan soyayya na Hausa, gardamar ba ta wuce gida biyu: masu cewa suna ɓata tarbiyya, da masu cewa su ne suka zaunar da matan aure ga karatu. Haka ake ta yi tun shekarun 1990, lokacin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, su kuma Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka fito suna kare su a jaridu. A 2007 har ƙona wasu aka yi a nan Kano, zamanin hukumar A Daidaita Sahu. To an sha wannan. Tambayata daban ce: a cikin wannan tulin littattafai, ina labarin saurayi da budurwa Hausawa waɗanda za a ɗaura wa aure a coci?

Ni Musulma ce, haifaffiyar cikin badala, a Dukawuya nake zaune, kuma na daɗe ina ba da hayar littattafai daga cikin gida. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce wata ce daga Sabon Gari ta zo tallan addini. Unguwarmu tana kallon tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, ga makarantu a kewaye da mu har Kabuga, saboda haka masu zuwa aron littafi ba 'yan unguwa kaɗai ba ne. Akwai ɗalibai, akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan jinya, kuma a cikinsu akwai Kiristoci waɗanda ba su da wani harshe na gado sai Hausa. Wata malama daga cikinsu, 'yar wajen Malumfashi, babu littafin Bilkisu Ahmed Funtuwa da ya shigo hannuna ba ta karanta ba. Amma in tana son labarin da za ta ga irin gidansu a ciki, da addu'ar safe da taron mata na ranar mako, sai ta koma na Turanci da ake kawowa daga Amurka. Hausar da take addu'a da ita, take waƙa da ita ran Lahadi, take yi wa 'ya'yanta faɗa da ita, ba ta ba ta labarin soyayya irin nata ba.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne tarihin abin. Kowa ya san littattafai biyar da suka fito bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi. Huɗun farko yawo ne da yaƙi da bauta da dabarun ɓarayi. Wanda aka gina shi kacokan a kan so shi ne na biyar: Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta, Abubakar ya bazama neman abin ramuwa, ɗan da aka haifa ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin ubansa. Wa ya rubuta shi tare da East? John Tafida, mutumin Wusasa, Kirista. Ashe tun kafin So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, tun kafin Balaraba Ramat Yakubu, tun kafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fara zana mana talakan saurayi da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa ɗan coci ne. Kuma mutanen da ya zana Musulmi ne, ya zana su da sanin ciki, babu izgili. Mun karanta shi a makaranta, an yi mana jarrabawa a kai, ban ji wanda imaninsa ya girgiza ba.

Wusasa ba ƙaramin wuri ba ne a tarihin boko a Arewa. Dokta Walter Miller yana cikin ayarin 'yan mishan da suka iso Kano a 1900 Sarki Alu ya sallame su, daga baya ya zauna a birnin Zariya, sannan a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa. Da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito cikakkiya da Hausa a 1932. Daga can aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, a can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ka dubi sunayen manyan ɗarikun Arewa ma: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. Da Hausa aka raɗa su. Daga Jos zuwa Mubi, daga Kafanchan zuwa Zuru, har Maraɗi da Galmi a Nijar, da Hausa ake wa'azi a coci-coci da yawa, har ga waɗanda Hausa ba harshen iyayensu ba ne. Masu karatu kam akwai su. Sai dai in ka shiga kantin littattafan coci, abin da za ka tarar da Hausa shi ne Littafi Mai Tsarki, littafin waƙoƙi, darussan makarantar Lahadi da jagoran zaman aure. Ƙagaggen labari kuwa, in ka gan shi, da Turanci ne.

Waɗannan na Turancin da ake kawowa sana'a ce babba a Amurka. Wata 'yar Kanada, Janette Oke, ta fitar da Love Comes Softly a 1979: yarinya ce mijinta ya rasu a kan hanyar hijira, ba ta da kowa, ta auri wani manomi da matarsa ta mutu don ta rainar masa 'ya, ba so ba ƙauna, sai a hankali zuciya ta karkata. Don Allah, Malam Edita, wannan ba shi ne rabin littattafanmu na auren haɗi ba? Francine Rivers ta fitar da Redeeming Love a 1991, ta ɗauko labarin annabi Hosiya da matarsa Gomer daga Tsohon Alkawari ta kai shi Kalifoniya zamanin haƙar zinariya: manomi mai tsoron Allah ya auri macen da aka sayar gidan karuwai tun tana yarinya, tana gudu yana bin ta yana dawo da ita. An yi fim ɗinsa a 2022. Kamfanin Harlequin, wanda ya mallaki Mills & Boon da 'yan makarantar kwana suka sani, ya buɗe reshe na musamman don irin waɗannan labarai a 1997, mai suna Love Inspired. Ka'idarsu sananniya ce: ba batsa, ba ashar, ba a kwana ɗaki ɗaya sai an ɗaura aure, kuma Allah yana cikin lissafin masoyan daga farko har ƙarshe.

Wanda ya saba da namu zai ga babu baƙon abu a nan. Littattafan Kano ma labaran soyayya ne na masu addini, ko da ba mu kira su haka ba. Jaruma tana idar da salla kafin ta ɗauki waya, ana istihara kafin a amsa wa manemi, in rikici ya yi tsanani a tashi tsakar dare a yi nafila, in an yi saki a nemi malami ya ƙirga igiya. Marubutanmu ba su nemi izinin kowa ba kafin su sa addininsu a tsakiyar labari. Me zai hana maƙwabtanmu?

Kuma kayan labarin suna nan jibge, babu mai taɓawa. Mu injin labarinmu kishiya ce da saki da auren dole. Cire kishiya, cire saki, ka ga irin matsin da zai fito. Mata da miji shekara goma babu haihuwa, uwar miji ta tasa su gaba, shi kuma ya yi alkawari a gaban jama'a cewa mace ɗaya ce har mutuwa. Dangi na ƙauye suna raɗa masa cewa kakanninsa ba haka suka yi ba. Ko matar da ta gane ta yi zaɓen tumun dare, ba ƙofar fita, sai dattawan coci da ke ta ce mata ta yi haƙuri. Ko dattijon Bamaguje mai mata uku da ya karɓi baftisma, aka ce sai ya zaɓi ɗaya, wanda tsohuwar matsala ce da ta daɗe tana wahalar da 'yan mishan a Afirka. Wace za a sallama, ina za ta, 'ya'yanta na wa? Ko gida ɗaya a ƙasar Rano ko Tudun Wada ko Kafur, wa Musulmi ƙane Kirista, 'yar ɗaya ta isa aure, wa zai karɓi sadaki, wa zai yi mata gara? Ga kwamitin aure da ke yi wa masoya tambayoyi kamar a kotu, ga sanarwar da ake yi a coci kafin biki don mai ƙorafi ya fito, ga Zumuntar Mata da ankonsu da kiɗan tulunsu, waɗanda kowane sirrin gari yana hannunsu. Lefe kuwa bai bar kowa ba, akwatin nan da ke hana samarinmu barci shi ke hana nasu. Marubucin da ya san wannan duniya daga ciki ba zai rasa abin faɗi ba har ya tsufa. A littafinsu ma akwai tushe: Yakubu da ya yi wa surukinsa bauta shekara goma sha huɗu saboda Rahila, da Rut bazawara baƙuwa da ta bi uwar mijinta ta yi kala a gonar Bo'aza har ya aure ta.

Sai dai ina da sharaɗi a matsayina na mai karatu, kuma na manya nake nufi, ba na 'yan firamare ba. Kada a kwaso mana lahanin na Amurka. Da yawansu tun shafi na goma ka san ƙarshe: wanda ba ya zuwa coci zai tuba a babi na kusa da ƙarshe, daga nan duk matsala ta narke. Wannan wa'azi ne aka sa wa ɗankwali. Babba yana son ya ga mai imani da ya yi addu'a bai ga amsa ba, fasto mai son kai, matar da ke jagorantar waƙa a coci alhali ba ta magana da mijinta a gida, maganar kuɗi, maganar shimfiɗa cikin mutunci ba tare da an faɗa irin batsar da ake sayarwa yanzu a rukunonin WhatsApp ba. Abin da ya sa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba ya yi ƙarko, har aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012, shi ne ba ta ɓoye halin Alhaji Abdu, maigidan cikin labarin, ba don kare sunan Musulmi. Ana bukatar irin wannan ƙarfin hali a wancan ɓangaren.

Mu ma marubutanmu da nasu laifin. A yawancin waɗanda suka bi ta hannuna, in Kirista ta fito, ko dai 'yar aiki ce mai gurɓatacciyar Hausa da aka sa don ban dariya, ko kuma kyakkyawar da za ta musulunta a shafin ƙarshe don Alhaji ya aure ta. Kamar ba ma haɗuwa da su a layin asibitin ido na ECWA, kamar ba su koyar da 'ya'yanmu lissafi ba. Yaron da ya tashi a cikin birni bai taɓa shiga gidan Kirista ba, bai kuma taɓa karanta labarin da Kirista ke kuka don an hana shi wadda yake so ba, me kake zaton zai ɗauke shi? Kano ta ga rikicin da ta gani a 1991 da 2004, ba sai na tuna wa kowa ba. Ban ce littafin soyayya zai hana rikici ba, ban kai nan da wauta ba. Na dai ce wanda ka taya kishi a takarda, da wuya ka ɗauke shi dodo.

Na san abin da za a ce: wa zai buga, wa zai saya, kuma Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Kano za ta bari? Marubutan ƙungiyar Raina Kama ba su jira kamfani ba, da kuɗin aljihunsu suka buga, suka kai kasuwa da ƙafarsu. Yau ma abin ya fi sauƙi, tunda rabin masu karatuna sun koma waya, suna bin labari a Wattpad babi-babi. Coci-coci kuma suna da abin da mu ba mu taɓa samu ba, wato kantunan littattafai irin na Challenge da tarukan mata na shekara-shekara inda dubban masu karatu ke haɗuwa wuri ɗaya. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ba ta tambayar addinin mai shiga. Hukuma kuwa aikinta duba batsa da cin zarafin addini, kuma labarin da bai zagi kowa ba ba shi da abin tsoro.

Roƙona gare ka guda biyu ne. Ka sa wakilanku na Zariya da Jos da Kaduna su nemo mana marubutan Hausa Kiristoci, waɗanda suka buga da waɗanda rubutunsu ke cikin akwati, a yi hira da su a shafin adabi. Sannan in an sami labari mai kyau, ku riƙa buga shi kashi-kashi kowane mako kamar yadda kuke yi wa sauran. In ya fito a littafi, a turo Kano, a sa shi a kan farashin da matar aure za ta iya saya. Zan ɗauki kwafi biyar na haya.

Taku mai karatu,
Wata mai hayar littattafai,
Dukawuya, Kano.