Bindigar da ke cikin labaranmu ba ta taɓa yin tsatsa ba

Wannan makon bindiga za mu taɓa, don ta yi yawa a rubutunmu alhali yawancinmu ba mu taɓa zama kusa da mai goge ta ba. Alhaji ya jawo durowa, ya zaro ƙaramar bindiga, ya yi ta harbi har shafi ya ƙare. Ba a ɗura mata harsashi ba, ba a taɓa shafa mata mai ba, kamar layar zana.

Mu da ke Rano da Kibiya ba mu da uzuri. 'Yan bindigar da ke cika gari da hayaƙi ranar hawan sallah maƙwabtanmu ne, haka ma mafarautan da ke fita da rani. Mu je mu zauna wajensu washegari, ba ranar hawan ba. Tokar albarushi tana jan laima, in aka bar ta a cikin bututun bindiga sai tsatsa ta ci shi, shi ya sa ake wanke shi da ruwan zafi, a busar, sannan a bi da mai. Kafin duk wannan, mai hankali sai ya tabbatar babu komai a cikinta, ya kori yara daga wurin, bakinta kuma yana kallon inda babu kowa. Yadda dattijo ke shimfiɗa tsumma, ya jera notina bi da bi kamar yadda ya kwance su, ya fi shafi uku na "shi mutum ne mai haƙuri" nuna halinsa.

Haka abin yake ga libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai tulu mai juyawa, wadda galibi harsashi 5 ko 6 take ci. Gogewar yau da kullum ba ta buƙatar a farke cikinta: a buɗe tulun, a zazzage harsasai, a goge bututu da ramukan tulun ɗaya bayan ɗaya. Wanda karambani ya sa ya cire murfin gefe shi ke shiga uku. Notinan kama suke yi da juna amma ba lallai tsawonsu ɗaya ba, akwai kuma 'yan ƙananan sifirin da kan yi tsalle su ɓace. Wanda ya san aikin yana yi ne a kan faranti mai baki ko farin ƙyalle, cikin haske, yana ɗaukar hoto da waya kafin ya cire kowane abu. A tsakar gida mai rairayi kuwa, sifirin ɗin da ya faɗi sai dai a yi masa addu'a.

Ga kuskuren da ya fi ba mu kunya a labaran bincike: ɗan sanda ya tsinci kwanson harsashi a ƙasa, marubuci kuma ya riga ya ce da libarba aka yi kisan. Libarba ba ta tofar da kwanso, a cikin tulun yake zama sai an zazzage shi da hannu. Mai karatun da ya sani, nan zai rufe littafin.

Sai batun doka. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa. Ke nan Alhajin da muke ba bindiga a durowa kamar biro, mai laifi ne tun kafin ya harba, kuma ya kamata labarin ya san da haka. Matasa ke karanta mu, a lokacin da bindiga ta raba ƙauyuka da yawa na Arewa da barci.

Duk wanda ya samu zama da wani mafarauci a wannan makon, ya tambaye shi sunan kowane ɓangare na bindigarsa da Hausa, ya kawo mana a ƙarƙashin wannan rubutun. Kunama dai mun san ta, sauran muke nema.