Sauri Ya Haifi Nawa

A wasan kurket mai jifa yakan sheƙo da gudu ya saki ƙwallo, yana neman ya ka da sanduna uku da mai kulki ke tsaro. Abu biyu ake bukata gare shi, ƙarfin jifa da iya saiti. Amma masu jarida sun ɗauki na fari sun aza bisa ka, sun yar da na biyu. Wannan kuwa rashin adalci ne.

Cikin shekarar 2003, a birnin Kef Tawun, Shu'aibu Akhtar na Pakistan ya yi jifa mai gudun mil 100 a sa'a. Jaridu suka yi ta kururuwa kamar an ci gari da yaƙi. Alhali mai kulkin Ingila ya tare ƙwallon nan ba wahala, kuma Pakistan aka ci ran nan. Wanda ya karya su kuwa wani saurayi ne, Jems Andasan, da ya fid da mutum 4, ko da yake jifarsa ba ta kai ta Shu'aibu gudu ba. Sa'ad da ya bar wasan ƙasa da ƙasa a 2024 ya fid da mutum 704 a manyan wasannin kwana biyar, Shu'aibu kuwa 178.

Ba a ce ƙarfi banza ne ba, gama shi ke firgita mai kulki. Amma yaron da ya ji ana yabon gudu kaɗai, gudu zai bi, ya ɓata bayansa da gwiwoyinsa tun bai koyi saiti ba. Alhakinsa yana wuyan masu alƙalami.