Tikitin Da Babu Ranar Dawowa A Jikinsa

A makon jiya, a wajen wani ɗaurin aure, wani tsohon ɗalibina ya ja ni gefe ya ce matarsa ta samu bizar bin aiki zuwa ƙasar waje, yana neman inda zai samo mata tikitin jirgi mai rahusa. Ya ji labarin ni na yanko wa ƙanwata nata, don haka yake zaton ina da wata ƙofa ta sirri. Na ce masa ba ni da ƙofa, sai dai tabo. Da yake hayaniyar maroƙa ba ta bar mu mun yi magana ba, na yi masa alƙawarin zan rubuta, ga shi kuwa na cika.

Ƙanwar tawa ma'aikaciyar jinya ce. Ta yi shekaru tana kwana a asibitin gwamnati a nan Kano, wani dare ita kaɗai a kan ɗaki guda na marasa lafiya, da fitilar wayarta. Ta zauna jarrabawar Turanci da ta hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila, ta ci, wani asibiti da ke kusa da Manchesta ya ɗauke ta. A watan Agusta na 2024 fasfonta ya dawo da biza a manne. Ba zan ɓoye ba, ina cikin masu rubutu a wannan shafi suna kukan yadda likitoci da ma'aikatan jinya ke tsiyayewa daga asibitocinmu. Ranar da abin ya zo gidanmu, bakina ya mutu. Wannan magana ce ta wata rana.

Bizar da aka manna mata ta kwana 90 ce, a cikinsu za ta shiga ƙasar, amma asibitin ya sa mata ranar fara aiki da ba ta kai wata guda ba. Takardar gwajin tarin fuka da ake nema daga duk ɗan Nijeriya da zai zauna can fiye da wata shida ita ma wata shida take yi ta mutu. Saboda haka mai ƙaura ba kamar ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ba ne, wanda idan farashi bai yi masa ba sai ya ɗage zuwa wani watan. Agogo na bin sa a baya, masu sayar da tikiti kuma sun sani. Ga shi tafiyar ta faɗo a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, lokacin da ɗalibai ke tururuwa zuwa jami'o'in Ingila, wanda shi da Disamba su ne lokutan da kujera ta fi tsada a wannan hanya. Asibitin ya yi alƙawarin mayar mata da kuɗin jirgi zuwa wani adadi, amma sai bayan ta fara aiki ta kawo rasit. Kafin nan mu za mu nemo. Hajiyarmu ta ɗauki adashinta tun layi bai zo kanta ba, ni kuma na kwashe abin da na tara don rufin ɗakin da nake ginawa.

Kafin in faɗi wautar da na yi, bari in bayyana abin da na fahimta game da farashi, domin da yawanmu muna zaton tikiti kamar buhun shinkafa ne, kuɗinsa ɗaya a kasuwa. A cikin jirgi guda, a sashe guda na talakawa, mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya. Kamfani yana kasa kujerun kashi-kashi, kowane kashi da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa. Masu araha su ake fara kwashewa. Idan sun ƙare sai na sama da su. Kuma da dala ake lissafin, a juya shi zuwa naira bisa canjin ranar. A watan Yunin 2023, da gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma. Lokacin da nake wannan fafutuka tana kai-kawo a wajen 1,600. Tikitin bai ƙara ko sisi a dala ba, amma a aljihunmu ya ninka fiye da sau uku.

Akwai kuma tsohon miki. Shekaru da dama kamfanonin jiragen waje suna sayar da tikiti da naira, su kasa samun dalar da za su fitar da kuɗinsu. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kuɗin da suka maƙale a Nijeriya sun kai dala miliyan 850 a tsakiyar 2023. Emirates ya dakatar da zuwa ƙasar nan a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai Oktoban 2024. Waɗanda suka zauna kuma suka rufe mana kashin kujeru masu araha, suka bar na sama kawai. An biya mafi yawan bashin a 2024, sannan a ranar 30 ga Maris na shekarar Air Peace ya fara tashi daga Legas zuwa filin Gatwick na Landan, kuma shigowarsa ta tilasta wa sauran sassautawa. To a wannan ɗan sauƙin na shiga kasuwa, ina ganin kaina gwani.

Dare uku na yi a kan shafukan intanet masu jera farashin kamfanoni. A na ukun na ga wani da ya gaza sauran da nisa, har na tashi maiɗakina daga barci in nuna mata. Da safe na kai wa wani abokina da ya yi ritaya daga aikin filin jirgi. Ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "Malam, wannan ai tikiti biyu ne aka ɗinke maka da zare." Kamfani ɗaya zai kai ta wani birni a Turai, wani daban ya ɗauke ta daga can. Idan na farko ya makara na biyu ya tashi, babu wanda ke da alhakinta. Sabon tikiti za a saya. Kayanta ma sai ta fita ta karɓa ta sake aunawa, fitar kuwa tana bukatar bizar ƙasar. Ko da tikiti ɗaya ne, Nijeriya tana cikin ƙasashen da 'ya'yansu ke bukatar bizar yada zango kafin su sauya jirgi a filayen ƙasashen Shengen, irin su Jamus da Faransa. An ɗauke wa mai bizar Amurka ko Kanada ko Japan wannan, amma tun da Ingila ta fice daga Tarayyar Turai, mai bizarta bai da tabbacin wannan rangwame sai ya tambayi ofishin jakadancin ƙasar da zai ratsa. Wanda bai tambaya ba, tun a Abuja za a hana shi hawa, kuɗinsa kuma sun tafi. Shi ya sa mutanenmu suka fi bin Adis Ababa, Alƙahira, Doha ko Istanbul.

Na bar intanet na koma wajen mutane, a nan ne kuma na sha kashi. Wani ɗan'uwa ya haɗa ni da wani ejan mai ɗan ofis a saman bene a kasuwa, ya ce shi ke yi wa su wane da wane Umara. Mutumin ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya kira farashin da ya gaza na kamfani da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na ce ta yaya? Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa da kiwon da ya karɓe shi." Na biya rabi. Ya buga mini takarda mai tambarin kamfanin jirgi, da sunanta, da ranar tashi, da wata lamba mai haruffa shida. Na shiga shafin kamfanin na sa lambar, ga sunanta ya fito. Na koma gida ina taƙama, na ce wa Hajiya an gama.

Bayan kwana uku ƙanwata ta kira ni, muryarta na rawa. "Yaya, na duba don in zaɓi kujera, sun ce babu wannan tafiyar." Na koma wajen abokina. Abin da ya koya mini a ranar shi ne abin da na fi so ɗalibina da duk mai karatu su riƙe. Lambar nan mai haruffa shida shaidar kama wuri ce kawai. Ejan yana iya kama kujera da sunan kowa ba tare da ya biya ko kwabo ba, kamfani ya riƙe ta na wasu sa'o'i ko kwanaki, idan ba a biya ba ta saki kanta. Tikitin da aka biya yana da tasa lambar daban, mai alƙaluma 13, ukun farko su ne shaidar kamfanin da ya fitar da shi. Takardar da ke hannuna babu wannan lamba ko ɗaya. Na kalle ta sau nawa ban lura ba, saboda ban san me zan nema ba.

Ban ce mutumin ɓarawo ba ne, domin da manya suka shiga maganar ya dawo da kuɗina cif. Abin da na fahimta, da kuɗina ya biya tikitin wani da tafiyarsa ta matso, yana jiran kuɗin na bayana ya biya nawa, yana kuma addu'ar dala ta sauko a tsakani. Rufa-rufa ce irin wadda ke tafiya lafiya har ranar da za ta yage a kan wani. Kuɗin sun dawo, amma kwana tara sun tafi, kashin kujerun da na tarar da farko ya ƙare, abin da na biya daga ƙarshe ya ɗara farashin kamfanin da na guje wa tun farko. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Ni tawa har da tsiraici ta zo. Ba kuma ina cewa a guji ejan ba ne. Akwai masu rajista da IATA da ƙungiyarsu ta ƙasa, NANTA, waɗanda suka san hanyoyin da kai ba za ka gani a waya ba. Sharaɗin dai kada ka tashi daga kujerarsa sai da lambar nan mai alƙaluma 13, ka kuma tabbatar da ita a wajen kamfanin da kanka.

Da na je sayen na gaskiya, matar da ke kan kwamfuta ta ƙi karɓar sunan daga bakina, ta ce sai ta ga fasfo. Ta yi daidai. Mu mutane ne da za ka tarar da Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a fasfo, Muh'd a katin banki. Ga rikicin wane ne sunan yanka, wane ne na uba, wane ne na gari. Harafi ɗaya na iya sa a caje ka kuɗin gyara, wasu tikitocin masu arha ma ba a gyara su, sai dai a yi asara. Ita ce kuma ta hana ni sayen na Landan, wanda ya fi sauƙi a ido. Ta ce in lissafa kuɗin jirgin ƙasa daga Landan zuwa Manchesta, tafiyar fiye da sa'a biyu daga wata tasha da ke tsakiyar birni nesa da filin jirgi, ga mace ita kaɗai, baƙuwa, da akwatuna biyu. Da na lissafa da fam, rarar ta narke. Muka ɗauki na tsakiyar mako, daga Abuja ta Doha zuwa Manchesta, tikiti ɗaya, jira na 'yan sa'o'i, akwati biyu masu kilo 23 kowanne.

Kilo 46 ke nan, kuma a nan ne lissafin mai ƙaura ya bambanta da na kowa. Akwai tikitin da ake rage wa farashi saboda babu kaya a cikinsa sai jakar hannu. Ga wanda zai je taron kwana uku alheri ne, ga wadda za ta kwashe rayuwarta kuwa tarko ne, don kuɗin ƙarin akwati a filin jirgi ya fi ragin da aka yi maka. Daren tafiya muka aro ma'aunin mai sayar da hatsi na bakin layi. Hajiya ta jera kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji, ga turaren wuta, ga atamfofi, ga kilishin da ta aika aka yi musamman, ga kwalbar man shanu. Ni aka bar wa aikin gaya mata cewa Ingila ba ta yarda matafiyi daga ƙasashenmu ya shiga da nama ko abin da aka yi da madara ba, kwacewa za a yi, wataƙila har da tara. Ta dube ni kamar ni na kafa dokar. Ta ce, "To me za ta ci a can?" Babu wanda ya amsa. Muka cire kilishin, yara suka yi bikinsa, aka cusa rigar sanyi a gurbinsa. Takardun makaranta da na aiki da na gwajin tarin fuka kuwa na sa ta riƙe su a jakar hannu, domin akwati kan yi nasa yawon, ya iso bayan mai shi da kwanaki.

Saura abu ɗaya da na daɗe ina juyawa. Tikitin tafiya kaɗai ba rabin kuɗin na zuwa da dawowa ba ne. Sau da yawa ya fi rabin da nisa, har matar ta ce idan akwai ranar da muka tabbatar za ta zo hutu, ƙarin bai taka kara ya karya ba. Na tambayi ƙanwata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ban san yaushe za su ba ni hutu ba, ga sauran jarrabawa a gabana. Kada ka sayi abin da za mu yi asararsa." Na sayi na tafiya kaɗai.

Da na kawo takardar gida, Hajiya ta karɓa ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini ta ce in karanta mata. Na karanta ranar tashi da sa'a, na karanta Doha, na karanta lokacin sauka. Na yi shiru. Ta jira kaɗan, sannan ta ce, "Ci gaba mana, ina ranar dawowa?" Na ce wannan sai daga baya za a saya. Ta gyaɗa kai, ta ninke takardar gida huɗu, ta sa a ƙarƙashin kwallar da take ajiye takardun gida. Asibitin ya biya ƙanwata kuɗin a albashinta na biyu, ta turo, na mayar wa Hajiya adashinta. Rasit ɗin da suka nema hotonsa na aika, don asalin takardar har yau ban samu bakin da zan ce Hajiya ta ba ni ba.