Kafin ka hau motar cirani, san abin da za ka je nema

Jama'ar Jabo da Kebbe, kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, matasa sun fara ɗaure kaya zuwa Legas da Ibadan. Ka tambayi mutum mi za shi yi, sai ya ce neman kuɗi. To nawa? Don a yi mi da su? Shiru.

Wallahi shi ya sa ake dawowa da sabuwar waya da shadda, damina na kamawa a koma cin bashin taki.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da injin ban ruwa ke sha a fadama. To ga buri mai ma'ana: kafin ka dawo, ka haɗa kuɗin injin sola na noman albasarka. Ka tambayo farashi, ka raba shi wata-wata, ka shiga adashe, ka gaya wa Baba ko wani amini da zai riƙa tambayarka ina aka kwana.

Burin da ke da adadi da rana, kuma akwai mai bibiyarsa, shi ke tada mutum tun asuba. Saura duk hirar majalisa ce.

Kai bana mi ka sa gaba?