Batir Mai Tsada, Waya Mai Araha: Gobarar Da Muke Saye Da Kuɗinmu

Duk wanda ya zaga Kakuri, Makera, Barnawa ko Sabon Tasha a 'yan shekarun nan zai ga faifan sola a kan rufin gidaje da shaguna. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya gagari talaka, jama'a suka koma ga batir da inbata, wasu ma da hannunsu suke haɗawa. Ko shakka babu wannan abin yabo ne. Sai dai akwai inda gizo ke saƙar.

Magidanci zai zuba dukiya a kan batir, amma da an zo kan waya da fis sai ya nemi araha. Alhali lissafin a fili yake. Kayan da ke cin wat 1,000 a wutar gida mai bolt 230, amfiya 4 da 'yan kai suke ja. Amma inbatar da ke ba su wannan wuta daga batir mai bolt 12, sama da amfiya 80 take zuƙa. Wayar da ake kira 2.5 a kasuwa kuwa, wajen amfiya 20 take ɗauka. Ka ga ke nan wanda ya sa ta tsakanin batir da inbata garwashi ya ajiye a ɗakinsa. Wurin nan na waya 25 ne ko 35, ta jan ƙarfe zalla, kuma gajera. Wanda ya koma bolt 24 ya rage nauyin da rabi.

Bugu da ƙari, aikin fis shi ne kare waya. Don haka a sa shi dab da kan batir, a ɓangaren jar waya, ƙarfinsa kada ya wuce abin da wayar ke jurewa. Kowane layi, na fitila ko na fanka, ya samu nasa fis a akwati guda, da rubutu. Kuma kada a yi amfani da birekar wutar gida a nan, domin tartsatsin wutar batir ba ya mutuwa da sauƙi.

Ina kira ga hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa kula da ingancin kayan lantarki, da ta sa ido kan jabun wayoyi. Mu kuma magidanta, kafin mu kunna, mu kira ƙwararre ya duba. A gidan haya katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci, gobara kuwa ba ta san mai batir ba.